Ƙodar Babba ko Ƙodar Yaro: Wacce ta Fi Dacewa da Ƙaramin Yaron da Za a Yi wa Dashe?

Idan likitocin yara a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da ke Kaduna, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, suka shaida wa iyaye cewa ƙodojin ɗansu mai shekara biyu ko uku sun gaza har ba abin da ya rage sai wankin ƙoda ko dashe, tambayar da kan biyo bayan jimami ita ce ta girma. Uba yakan dubi faɗin bayansa, ya dubi ɗan cikin yaron, ya rasa ta inda ƙodar magidanci za ta shiga. Daga nan wasu kan ɗauka cewa dole sai an samo ƙodar yaro tsararsa, wasu kuma su ce ai babbar ta fi, tunda ta fi ƙarfi. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, domin kowace irin ƙoda tana da haɗarinta, kuma haɗarin nan ba lokaci ɗaya yake zuwa ba: na ƙaramar ƙoda yana taruwa ne a kwanakin farko bayan tiyata, na babbar kuwa yana bin yaron har gida na tsawon watanni.

Ƙodar baligi tana kai santimita 10 zuwa 12 a tsawo, nauyinta kuma kimanin giram 150 ne, ta namiji ta ɗan fi ta mace a galibi. Ta jariri sabon haihuwa ba ta wuce santimita 4 zuwa 5 ba, ta ɗan shekara biyu kuma tana kusan 7. Sai dai abin da ke tace jini a cikinta wasu ƙananan matatai ne da likitoci ke kira nefuron, kusan miliyan ɗaya a kowace ƙoda bisa matsakaici, kuma halittarsu tana kammala ne wajen mako na 36 na ciki, bayan haka ba a ƙara ko ɗaya. Saboda haka ƙodar ɗan shekara biyu ta riga ta mallaki duk matatan da za ta taɓa mallaka, illa dai ƙanana ne, ba su gama buɗewa ba. Daga nan duk sauran bambancin ya samo asali. Ƙaramar ƙoda tana da sauran girma a gabanta, ita kuwa babbar ta gama nata, abin da ya rage mata shi ne ta daidaita kanta da jikin da aka kai ta.

Maganar wuri, wadda ita ta fi tayar wa iyaye hankali, ita ce ta fi sauƙin warwarewa. A jikin babba, ana ajiye sabuwar ƙoda ne a gefen mara, a haɗa ta da jijiyoyin jinin da ke gangarawa ƙafa. A jikin yaron da bai kai kilo 15 zuwa 20 ba, waɗannan jijiyoyi sun yi siriri, don haka likitoci kan hau sama su ɗinke jijiyar ƙodar kai tsaye da babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya, da kuma babbar da ke mayar da shi. Cibiyoyi da yawa kan buɗe cikin ta tsakiya su kwantar da ƙodar a gefen dama bayan hanji, wasu kuma kan bi ta gefe ba tare da shiga kogon ciki ba, wani lokaci ma a cire tsohuwar ƙodar yaron domin a sami fili. Yawancin cibiyoyi sun fi son yaro ya kai wajen kilo 10 kafin a yi masa wannan aiki, ko da yake akwai ƙwararrun da kan sauka ƙasa da haka. Matsalar da kan taso ita ce rufe cikin bayan an gama, domin idan fata da tsoka suka matse ƙodar, jini zai ragu a cikinta, numfashin yaron ma ya yi nauyi, hanji kuma ya yi kwanaki bai koma aiki ba. Waɗannan abubuwa ne da aka sani, aka kuma san maganinsu a hannun wanda ya saba.

Inda ainihin wahalar take shi ne jini. Zuciyar babba tana harba kimanin lita 5 na jini a minti guda, kusan kashi ɗaya cikin biyar na wannan kuma ƙodoji biyu ne ke karɓa, wato kowace ƙoda ta saba da kusan rabin lita a kowane minti. Yaro mai kilo 10 kuwa, duk jinin da ke jikinsa bai wuce mililita 800 ba. A daidai lokacin da likita ya saki jijiyoyin da ya ɗaure domin jini ya shiga sabuwar ƙodar, tana iya ɗauke mililita 150 ko fiye a take, abin da zai iya faɗar da bugun jinin yaron nan da nan idan ba a shirya ba. Shi ya sa likitan da ke sa barci yakan cika jijiyoyin yaron da ruwa da jini tun kafin a kai wannan gaɓa, ya kuma riƙe ƙarfin bugun jini sama da abin da aka saba gani ga yaro mai wannan shekaru, domin ƙodar ba ta san ta bar jikin babba ba. A kwanakin farko tana iya zubar da fitsari mai yawan gaske, wanda dole a riƙa aunawa awa bayan awa ana mayar da madadinsa ta jijiya. Cika ruwa da yawa kuma yana iya taruwa a huhu, har yaron ya kwana ɗaya ko biyu a kan na'urar numfashi. Wannan ne ya sa a ganina ɗakin kulawa ta musamman na yara, da ma'aikatan jinyar da ke tsaye a kansa dare da rana, suna da nauyi a wannan aiki daidai da hannun mai tiyatar.

Wani likitan dashe na Jami'ar Stanford a Amurka, Oscar Salvatierra, shi ne ya fi yin suna wajen bin diddigin abin da ke faruwa bayan an sallami yaron. A ƙarshen shekarun 1990 shi da abokan aikinsa sun nuna cewa jinin da ke bi ta babbar jijiyar ƙaramin yaro yana ƙaruwa sosai bayan an dasa masa ƙodar babba, amma duk da haka ba ya kai abin da ƙodar ta saba samu a jikin mai ita, har takan ragu a girma cikin watannin farko. Abin da suka koyar shi ne a ci gaba da ɗura wa yaron ruwa mai yawa na tsawon watanni, kimanin lita 2.5 zuwa 3 a rana ga kowace murabba'in mita ta faɗin jiki, wanda ga yaro mai kilo 10 yake kamawa kusan lita ɗaya da rabi. Duk wadda ta taɓa rainon ɗan shekara biyu ta san ba zai sha wannan da kansa ba, don haka ake barin bututun hanci ko na ciki domin a riƙa ba shi ruwa har cikin dare. Adadin da ya dace da kowane yaro likitansa ne zai yanke, amma ƙa'idar ba ta canzawa: babbar ƙoda a ƙaramin jiki kamar faffaɗar gonar rani ce da aka ɗora wa ƙaramar rijiya, ranar da aka yi sakacin ban ruwa gefenta ne zai fara bushewa, kuma abin da ya bushe a ƙoda ba ya farfaɗowa.

Wannan gaɓa ta fi shafar mu fiye da mutanen ƙasashen da aka yi binciken. Zafin Maris da Afrilu a Kaduna yana fitar da gumi daga jikin yaro ko yana kwance a ɗaki, musamman idan babu wuta, iskar hunturu kuma tana busar da jiki ba tare da an ankara ba. Da damina ga gudawa da amai da zazzaɓin cizon sauro, waɗanda kowannensu ke rage ruwan jiki cikin sa'o'i. Gudawar kwana ɗaya da wani yaro zai warke daga gare ta da ruwan gishiri da sukari, ga mai ɗauke da ƙodar babba dalili ne na tafiya asibiti a ranar, domin mai yiwuwa sai an yi masa ƙarin ruwa. Gudawa ma tana iya ɗaga yawan maganin takrolimus a cikin jini, shi kuma wannan magani, wanda ke hana jiki ƙin ƙodar, yana matse ƙananan jijiyoyinta idan ya yi yawa, sai ƙarancin ruwa da matsewar jijiya su haɗu a wuri guda. Magungunan ciwon jiki da ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba, irin su ibuprofen da diclofenac, suna ƙara rage jinin da ke shiga ƙoda, haka nan jiƙe-jiƙen gargajiya da kakanni kan bayar da kyakkyawar niyya ba su da wuri a jikin wannan yaro. Iyalin da ke zaune a Rigasa ko Kawo ko Sabon Tasha suna iya isa babban asibiti cikin awa guda, amma wanda zai koma ƙauye mai nisa bayan dashe ya kamata ya yi lissafin zama a gari na watannin farko.

Akwai wani tarko kuma da babbar ƙoda kan ɗana. Gwajin jinin da aka fi dogara da shi wajen sanin lafiyar ƙoda shi ne na kiriyatinin, wani datti da tsoka ke fitarwa. Ƙaramin yaro ba shi da tsoka mai yawa, ƙodar da aka ba shi kuma ta fi ƙarfin aikin da ke gabanta nesa ba kusa ba, don haka tana iya rasa wani kaso mai yawa na ƙarfinta alhali sakamakon gwajin yana nan cikin abin da takardar ɗakin gwaji ta rubuta a matsayin daidai. Ma'aikacin lafiyar da bai san tarihin yaron ba zai duba ya ce lafiya lau. Abin da ya kamata a kwatanta sakamakon da shi shi ne adadin da yaron kansa ya saba nunawa, kuma ɗan ƙaramin tashi daga wannan adadi yana iya zama alamar farko ta cewa garkuwar jiki ta fara yaƙar ƙodar. Wasu cibiyoyi saboda haka kan ɗauki ɗan tsokar ƙodar da allura a lokuta ƙayyadaddu su duba, ko da babu alamar komai. Iyaye su riƙe littafi guda da ake rubuta kowane sakamako da ranarsa, su tafi da shi duk inda za a duba yaron.

Haka kuma ƙodar babba takan zo da ƙwayoyin cutar da mai ita ya daɗe da yin sulhu da su. Mafi yawan manya sun riga sun haɗu da ƙwayoyin EBV da CMV tun suna yara, suna kwance a jikinsu ba sa yin komai, amma ɗan shekara biyu mai yiwuwa bai taɓa haɗuwa da su ba, ga shi kuma an danne masa garkuwa da magani. CMV ana tare ta da magani na watanni, EBV kuwa, wadda a wasu 'yan lokuta kan jawo wani nau'in ciwon daji na ƙwayoyin garkuwa, sai dai a riƙa bibiyarta da gwajin jini a rage maganin idan ta fara yawa.

Duk da wannan jerin wahalhalu, ƙodar baligi mai rai, musamman ta uwa ko uba, ita ce ta fi bayar da sakamako mafi tabbas ga ƙananan yara a mafi yawan cibiyoyin duniya, kuma dalilan a bayyane suke. Jijiyoyinta manya ne, ɗinkinsu ya fi sauƙi, toshewarsu ta fi wuya. Ana cire ta a ɗaki ɗaya a dasa ta a ɗakin da ke kusa, ba ta daɗe cikin ƙanƙara ba, don haka takan fara fitar da fitsari tun yaron yana kan gadon tiyata. Yaro ya gaji rabin alamomin garkuwar jikinsa daga kowane ɗaya cikin iyayensa, abin da ke rage yiwuwar jiki ya ƙi ƙodar. An kuma sami damar bincika mai bayarwa a tsanake, a zaɓi ranar da yaron ke cikin ƙoshin lafiya, wani lokaci ma a yi dashen tun kafin a fara wankin ƙoda. Yaran da suka tsallake shekarar farko da irin wannan ƙoda suna cikin waɗanda dashensu ya fi daɗewa a tsakanin duk masu dashe, manya da yara.

Ita ƙaramar ƙoda kuwa, kyawunta a gaba yake. Ba ta neman jinin da ya fi ƙarfin zuciyar yaron, ba ta cika masa ciki, kuma tana girma tare da shi. Likitocin ƙodar yara na Hanoba a Jamus, ƙarƙashin Lars Pape, sun wallafa a 2006 cewa yaran da suka sami ƙoda daga yara irinsu da suka rasu sun ga ƙodar tana ƙara girma, aikinta na tacewa yana ƙaruwa daidai da girman jikinsu, alhali ƙodar babba takan sauko ta daidaita da ƙaramin jiki da farko, sa'an nan ba ta cika komawa ƙarfinta na da ba yayin da yaron ke girma. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ita ce ta sa wasu likitocin Turai ke ganin ƙodar yaro ta fi cancanta a ba yaro fiye da a ba babba.

Amma kafin a kai ga wannan riba sai an haye kwanakin farko. Jijiyar jinin ƙodar ɗan shekara ɗaya ko biyu 'yar siririya ce ƙwarai, tana saurin matsewa idan an taɓa ta, tana saurin lanƙwashewa, jinin da ke gudu a cikinta kuma ba shi da ƙarfi. Idan aka haɗa siririyar jijiya da siririyar jijiya, a jikin yaron da bugun jininsa ƙasa yake tun asali, gudan jini yana iya toshe hanyar cikin sa'o'i ko kwanaki, kuma ƙodar da jijiyarta ta toshe da wuya a ceto ta, galibi sai dai a cire. Rajistar dashen ƙodar yara ta Arewacin Amurka, wadda aka fara a 1987, ta nuna tun a shekarunta na farko cewa toshewar jijiya tana cikin manyan abubuwan da ke kashe dashe da wuri, kuma haɗarin ya fi yawa idan mai karɓa bai kai shekara biyu ba, ko mai bayarwa bai wuce shekara biyar ba, ko ƙodar ta haura awa 24 cikin ƙanƙara. Bututun da ke kai fitsari mafitsara shi ma gajere ne, mai raunin jini, don haka yoyo da matsewa sun fi yawa. Ƙwarewar tiyata da magungunan tsinka jini sun rage wannan haɗari sosai a manyan cibiyoyi, amma ba su kawar da shi ba, kuma sakamakon ya dogara matuƙa ga yawan irin wannan aiki da cibiyar ta saba yi.

Wata dabara ita ce a ɗauko ƙodoji biyun ƙaramin mamacin a haɗe, tare da guntun manyan jijiyoyin da suke rataye a kai, a dasa su gaba ɗaya, ta yadda ɗinkin zai kasance a kan babbar jijiya. Galibi manya ake yi wa wannan, sakamakon kuma mai kyau ne ga waɗanda suka tsallake makonnin farko, domin ƙodojin kan girma da sauri. Cibiyoyi kaɗan ne ke yi wa ƙananan yara. Idan kuma aka ba babban jiki ƙaramar ƙoda guda ɗaya tak, matatan kan yi aikin da ya fi ƙarfinsu har furotin ya fara zuba cikin fitsari.

Sai dai duk wannan magana ta ƙaramar ƙoda tana tsayawa ne a kan abu guda: daga mamaci kaɗai ake samun ta. Ba a cire ƙodar yaro mai rai domin a ba wani. Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2010 sun hana, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 a Najeriya ita ma ta hana cire wa wanda bai kai shekara 18 ba wani sashe na jiki da ba ya sake tsirowa, ta kuma haramta sayar da sassan jiki. Don haka yayan yaron mai shekara 12 ba ya cikin lissafi, komai son da yake yi wa ƙanensa. Tun da aka yi dashen ƙoda na farko a ƙasar nan a Asibitin St. Nicholas da ke Legas a 2000, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya biyo baya a 2002, aikin ya dogara ne a kan masu bayarwa da ransu, domin tsarin karɓar sassan mamata bai kafu ba. Ko a Amurka, inda tsarin ya daɗe, ƙa'idar da suka yi aiki da ita daga 2005 zuwa 2014 ta fifita yara ne wajen samun ƙodar mamatan da ba su kai shekara 35 ba, wato galibi ƙodar matasa da samari, ba ta jarirai ba. Fita waje ma ba ya canza lissafin. Dokar Indiya ta 1994 da gyare-gyarenta, da dokar Masar ta 2010, sun tsaurara sharuɗɗa a kan baƙi, ta yadda a aikace iyali su ne za su tafi da nasu mai bayarwa. Ta fuskar addini kuwa, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zartar a Jidda a 1988 cewa dashe ya halatta da sharuɗɗa, ciki har da kada ya zama ciniki, manyan majami'un Kirista ma sun daɗe da amincewa da bayar da kyautar sashen jiki.

Ke nan ga iyalin Kaduna, jiran ƙaramar ƙoda jiran abin da babu hanyar zuwansa ne, kuma kowane watan da yaro ya ƙara a kan wankin ƙoda yana ci masa girma da ƙashi da zuciya, ban da kuɗin da yake cinye wa gida. Zaɓin da ke hannunsu shi ne wane babba ne zai bayar, da yaushe, da kuma a ina.

A nan ma girma yana da ɗan tasiri, amma bai kai yadda ake zato ba. Idan uwa 'yar siririya ce, uba kuma ƙaƙƙarfa ne dogo, ƙodar uwar za ta fi sauƙin kwanciya a cikin ɗan kilo 10, buƙatarta ta jini kuma ta ɗan yi ƙasa. Hoton jijiyoyi na na'urar CT da ake yi wa mai bayarwa yana nuna girman kowace ƙoda, likita kuma zai kwatanta shi da filin da ke cikin yaron. Amma bambancin da ke tsakanin ƙodar uwa da ta uba ɗan kaɗan ne idan aka dubi ratar da ke tsakanin kowaccensu da jikin yaron, don haka abubuwa da dama sun sha gabansa. Na farko rukunin jini da gwajin dacewar garkuwa. Sai yawan jijiyoyi, domin wasu mutane ƙodarsu tana da jijiyar shiga biyu ko uku, ƙoda mai jijiya guda kuma ta fi aminci ga ƙaramin yaro ko da ta ɗan fi girma. Sai shekaru, inda ƙodar kawu ɗan shekara 28 ta fi ta kaka ɗan shekara 60 sauran tafiya. Sai lafiyar mai bayarwa kansa, domin hawan jini da ciwon suga, waɗanda suka yi yawa a cikinmu kuma da yawa ba su san suna da su ba, kan fitar da mutum daga lissafi gaba ɗaya. Mai ɗauke da alamar sikila a jini, cibiyoyi sun sha bamban a kansa, sai a tambaya tun da wuri.

Abubuwa biyu sun cancanci a faɗe su a fili a zaman iyali, ko da suna da nauyin faɗa. Na ɗaya, wasu cututtukan ƙodar ƙananan yara na gado ne, musamman inda aka yi auren zumunci, don haka ɗan'uwa na jini yana buƙatar bincike mai zurfi kafin a karɓi ƙodarsa, saboda kare shi da kuma kare yaron. Na biyu, uwar da take da sauran haihuwa. Wani bincike da aka yi a lardin Ontariyo na Kanada aka wallafa a 2015 ya gano cewa hawan jinin masu ciki da dangoginsa sun sami kashi 11 cikin ɗari na cikin matan da suka taɓa bayar da ƙoda, a kan kashi 5 na waɗanda ba su bayar ba, ko da yake mafi yawansu sun haihu lafiya. Ga matar da ke da shekara 25 wadda za ta iya ɗaukar ciki sau da dama a gaba, wannan abin aunawa ne. Ita ce kuma za ta yi jinyar yaron, ta tashi cikin dare ta duba bututun ruwa, alhali ita ma tana jinyar nata yanka. Bai kamata a ɗora mata bayarwa don kawai ƙodarta ta ɗan fi ƙanƙanta ba, ko don an saba uwa ce ke ɗaukar komai.

Ya kamata kuma a tuna cewa yaron da aka yi wa dashe yana ɗan shekara biyu da wuya ƙoda ɗaya ta kai shi ƙarshen rayuwa. Ƙodar mai rai takan yi shekara 15 zuwa 20, wani lokaci fiye, wanda ke nufin zai iya neman ta biyu yana saurayi. Idan iyayen biyu sun dace, wasu likitoci kan ba da shawarar wanda ya fi shekaru ya fara bayarwa, a ajiye mai ƙarancin shekaru domin gaba, tunda lokacin da za a sake nema mai yiwuwa babban ya tsufa ko ciwo ya kama shi.

Game da lokaci, idan yaro bai kai kilo 10 ba, watannin jira ba na zaman banza ba ne. Yaran da ƙodarsu ta gaza ba sa son abinci, suna yawan amai, don haka ciyarwa ta bututu da abinci mai ƙarfi ita ce ke kai su nauyin da ake nema, wankin da ake yi ta ruwan ciki kuma shi ya fi dacewa da ƙananan jiki fiye da na jini. A cikin wannan lokaci ake kammala alluran rigakafi, musamman na ƙyanda da sauran masu rayayyun ƙwayoyi, domin ba a yin su bayan an fara maganin danne garkuwa. A nan ne kuma ake duba mafitsara. Yara maza da yawa da ke kaiwa ga gazawar ƙoda an haife su ne da wata 'yar fata da ke toshe hanyar fitsari a ƙasan mafitsara, mafitsarar da ta lalata ƙodojin farko kuma tana iya lalata sabuwar, balle ga babbar ƙoda mai zubar da fitsari da yawa cikin 'yar ƙaramar mafitsara mai tauri. Amma da zarar yaro ya kai nauyin da cibiyar ta yarda da shi, kuma an gama waɗannan shirye-shirye, ƙarin jira domin ya ƙara girma ba ya cika kawo riba da ta kai asarar zama a kan wanki.

Wajen zaɓen cibiya, ko a Kano ne ko Abuja ko Legas ko ƙasar waje, yawan manyan da suka yi wa dashe ba shi ne ma'auni ba. Iyaye su tambaya kai tsaye, ba tare da jin nauyi ba, yara nawa masu ƙasa da kilo 15 cibiyar ta yi wa dashe, nawa ne daga cikinsu ƙodar ke aiki bayan shekara guda, ko akwai likitan ƙodar yara da ɗakin kulawa ta musamman na yara, da kuma ko ana iya yin hoton gudun jini a ƙodar cikin dare idan fitsari ya tsaya kwatsam. Su tambayi yawan ruwan da za a rubuta wa yaron a rana da tsawon lokacin da bututu zai zauna. Kafin a tafi kuma, a samu likitan yara a Kaduna ko Zariya da ya yarda zai riƙe bibiyar yaron bayan dawowa, a san ɗakin gwajin da ke auna takrolimus da kwanakin da sakamako ke ɗauka kafin ya fito, a kuma yi lissafin kuɗin magani na kowane wata, domin ana shan sa ne muddin ƙodar tana jiki, kuma tsallake shi na 'yan kwanaki yana iya isa ya sa jiki ya ƙi ta.